DARASI A KAN LAFIYAR JIKI: Wankin Ciki Kafin Likita Ya Leƙa Hanji

Darasinmu na wannan wata a kan wani aikin asibiti ne wanda sunansa baƙo ne ga yawancinmu, watau kolonoskofi. Ma'anarsa leƙen babban hanji. Za mu fi daɗewa a kan shirin da mutum ya kan yi kafin ranar leƙen, gama rabin aikin yana hannun likita, rabi kuwa yana hannun wanda za a duba. Mun sa mutanen ƙasar Bagudo a zuciya, da na Kaoje, da Illo, da Lolo, da Tsamiya, da sauran garuruwan da ke bakin iyakar Jamhuriyar Benin, domin su ne hanya ta yi wa nisa. Wanda ya yi kuskuren shiri a cikinsu, tilas ya yi tafiyar sau biyu, ya biya kuɗin sau biyu.

1. MENE NE LEƘEN HANJI?

Babban hanjin mutum tsawonsa wajen mita 1.5 ne, watau kamar ƙafa 5. Likita yana da wata na'ura doguwa mai laushi, kaurinta kamar yatsa, da fitila da kyamara a bakinta. Ya kan shigar da ita ta dubura a hankali, yana kallon cikin hanjin a kan allo, tun daga farko har ƙarshe. Yawanci a kan ba mutum allurar da za ta sa shi gyangyaɗi, aikin kuwa ya kan ɗauki minti 30 zuwa 45.

Abin da likita ya fi nema shi ne waɗansu 'yan tsiro da su kan fito a jikin hanji. Da fari ba su ciwo, ba su hana mutum noma ko kasuwa. Amma waɗansunsu, bayan kamar shekara 10, su kan rikiɗa su zama ciwon daji. Idan likita ya ga tsiron tun yana ƙarami, ya kan tsinke shi nan take da wata 'yar waya, ba tare da an tsaga ciki ba. Likitoci biyu, William Wolff da Hiromi Shinya, su ne suka buɗe wannan hanya a birnin New York na Amurka a shekarar 1969.

Ciwon dajin babban hanji ba ƙaramin abu ba ne. A shekarar 2020 an ƙiyasta ya kama mutum wajen miliyan 1.9 a duniya, ya kashe fiye da 900,000. A Amurka, tun 2021, shawarar da a ke bayarwa ita ce kowa ya soma gwaji da shekara 45 ko da yana jin lafiya lau. A wurinmu kuwa mutum ya kan ga jini a bayan gida, ya ce basir ne ko atuni, ya yi ta shan jiƙo wata da watanni. Gaskiya ne basir da atuni suna kawo jini. Amma idan jinin ya ƙi tsayawa, ko bayan gida ya sāke hali, ko mutum yana ramewa ba dalili, ko wani a gidansu ya taɓa yin wannan ciwo, sai a nemi likita. Ruwa ba ya tsami banza.

2. DON ME A KE WANKE CIKI?

Ku tuna da Kwara da damina. Sa'ad da ruwa ya yi ja da laka, ko masunci mai kaifin ido ba ya ganin abin da ke ƙasa. Da rani, in ruwa ya kwanta, har tsakuwa a kan gani. Haka hanji ya ke. Fitilar na'urar ba ta ratsa kashi. Tsiron da bai fi ƙwayar wake ba, 'yar ƙazanta kaɗan ta isa ta rufe shi.

Idan hanji bai wanku ba, abu uku su kan faru. Likita yana iya wuce tsiro bai gani ba, mutum ya koma gida yana murna alhali cuta tana nan. Aikin ya kan daɗe, ya kuma fi wuya. Ko kuwa likita ya janye na'urarsa ya ce a dawo wata rana.

Wannan aiki na manyan asibitoci ne, irin asibitin koyarwa na Aminu Kano a Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika kusa da Zariya. Mutumin ƙasar Bagudo ya kan soma da likitan da ke kusa, shi ne zai ba shi takarda ya faɗa masa inda zai nufa. Ko ina aka tura shi, tafiyar sa'o'i ce. Ku lissafta kuɗin mota na mutum biyu, da masauki, da kwanakin da aka bar gona. Duk wannan yana rataye a kan yadda mutum ya sha maganinsa a dare ɗaya da asuba ɗaya.

3. MAGUNGUNAN WANKIN CIKI, DA BAMBANCINSU

Kafin mu jera su, bari mu daidaita mudu. Ledar ruwan sha da a ke sayarwa ko ina, wadda mu ke kira fiya wata, yawanci rabin lita ce. Leda 2 lita 1 ke nan, leda 8 kuwa lita 4.

(a) Mai ruwa da yawa: lita 4.
Wannan gari ne mai suna makrogol, haɗe da gishiri iri iri. Likita John Fordtran da abokan aikinsa suka haɗa irinsa a birnin Dallas na Amurka a 1980. A ƙasashen da ke magana da Faransanci an fi saninsa da suna Fortrans. Ƙunshi 4 ne, kowane ƙunshi a kan narke shi cikin lita 1 na ruwa mai tsabta. Hikimarsa ita ce ruwan yana bi ta hanji ya wuce, kamar yadda a ke kwarara ruwa a wanke kwata. Ba ya jawo ruwan jiki da yawa, ba ya kuma shiga jini da yawa. Domin wannan shi ne likitoci suka fi zaɓa wa tsofaffi da masu ciwon ƙoda, ko zuciya, ko hanta. Wahalarsa yawan sha ne, da ɗanɗanon gishiri, da kumburin ciki, da tashin zuciya. Mutane da yawa su kan gaji a lita ta 3. Wanda ya tsaya a nan, ya yi noma ya bar girbi.

(b) Mai matsakaicin ruwa: lita 2.
Shi ma makrogol ne, amma an ƙara masa sinadarin bitamin C mai yawa. Wani sanannen sunansa Moviprep. A kan sha lita 2 na maganin, a bi da lita 1 na ruwa. Ya fi na farko sauƙin sha, wankinsa kuwa yana da kyau. Sai dai akwai wani ƙarancin sinadari a jini wanda a ke gado, likitoci suna kiransa G6PD, yana da yawa cikin mazan Afirka ta Yamma. Mai wannan hali bitamin C mai yawa yana iya fasa masa ƙwayoyin jini. Wanda ya taɓa shan wani magani idonsa ya yi rawaya, fitsarinsa ya yi baƙi, lalle ya faɗa wa likita.

(c) Mai ruwa kaɗan: ƙunshi 2.
Wannan haɗin fikosulfet ne da magnesiyam, an san shi da suna Picolax. Kowane ƙunshi a kan narke shi cikin ƙaramin kofi, mililita 150. Ɗanɗanonsa kamar lemo, shi ya sa mutane suka fi sonsa. Amma a nan tarkon ya ke. Aikinsa shi ne ya tsokani hanji, ya kuma jawo ruwa daga jikin mutum zuwa cikin hanjin. Saboda haka tilas a bi shi da ruwa, kamar rabin leda kowace sa'a muddin yana aiki. Wanda ya sha ƙunshin ya ƙi shan ruwa, hanjinsa ba zai wanku ba, jikinsa kuma zai bushe. Ba a ba da shi ga wanda ƙodarsa ta yi rauni ƙwarai ko wanda zuciyarsa ta gaza, a kan kuma yi hattara da shi wajen tsofaffi da masu shan maganin hawan jini mai sa fitsari.

(d) Tsofaffin hanyoyi masu araha.
Kafin waɗannan su zo, a kan hana mutum abinci mai nauyi kwana 2 ko 3, a ba shi ƙwayar bisakodil, wadda a ke sayarwa da suna Dulcolax, da man zurma, ko gishirin Efsom, sa'an nan a ɗura masa ruwa ta dubura. Waɗansu asibitoci su kan koma ga wannan hanya idan sababbin magunguna sun yi tsada ko sun yi wuyar samu. Tana iya yin aiki idan likita ne ya tsara ta, aka bi ta daidai. Amma tana gajiyar da jiki, tana murɗa ciki. Gishirin Efsom yana da haɗari ga mai ciwon ƙoda. Man zurma ba na mace mai ciki ba ne. Ɗurin ruwa kuwa ƙarshen hanji kaɗai ya ke wankewa, ba ya kai can ciki.

(e) Wanda ya kamata a guje masa.
Akwai wani ruwan gishirin fosfet da aka yi yayinsa a dā, domin ɗan kaɗan a ke sha. A watan Disamba na 2008 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi mai ƙarfi cewa yana lalata ƙodar waɗansu mutane. Kada kowa ya saye shi da kansa.

Haka kuma kada a ce filasko ko jiƙon kasuwa zai tsaya a madadin maganin asibiti. Filasko yana sa zawo, gaskiya ne, amma zawo dabam, wankin hanji dabam. Ba wanda ya san awon ƙarfin jiƙo.

4. WANE NE YA FI?

Ba ɗaya da ya fi ga kowa da kowa. Likita ne zai zaɓa, amma zaɓinsa yana bisa ga abin da ka faɗa masa. Kada ka ɓoye masa waɗannan:

Ciwon ƙoda, ko zuciya, ko hanta, ko kumburin ƙafa.
Ciwon sukari. Wanda ke shan magani ko allurar insulin, idan ya daina cin abinci sukarinsa yana iya faɗuwa, sai an gyara masa awo.
Maganin tsinka jini, irin warfarin. Kada ka tsai da shi da kanka, kada kuma ka yi shiru a kansa.
Ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe. Tana baƙanta hanji, a kan bar ta kamar mako 1 kafin ranar.
Juna biyu.
Taurin bayan gida mai daɗewa, gama mai shi ya kan bukaci ƙarin shiri.

Akwai hali ɗaya wanda ba a shan ko ɗaya daga cikin magungunan nan. Idan ciki ya kumbura tim, ba bayan gida, ba tusa, ga amai, mai yiwuwa ne hanji ya toshe. Wannan mutum asibiti za a kai shi nan da nan.

In kuɗi ne damuwarka, faɗa wa likita a fili, ba abin kunya ba ne. Amma ka auna da kyau. Bambancin kuɗin magani da magani bai kai kuɗin tafiya ta biyu ba.

5. RABA SHAN KASHI BIYU

A dā a kan ce mutum ya shanye maganin duka da dare. Yanzu likitoci sun gane raba shi ya fi: rabi da yamma, rabi da asubar ranar leƙen. Dalilin kuwa shi ne, ko mutum bai ci kome ba, ƙaramin hanji yana ta zubo majina da ruwan ɗaci cikin babban hanji dukan dare. Shan asuba shi ke share wannan. Ga kuma sauƙi, gama lita 2 sau biyu ta fi lita 4 gaba ɗaya daɗin sha.

Ƙa'idar ita ce a soma kashi na biyu kamar sa'a 5 kafin lokacin leƙen, a gama shi aƙalla sa'a 2 kafin lokacin. Ga misali. A ce an sa wa wani manomi daga Kaoje ƙarfe 10 na safe ranar Laraba, an ba shi mai lita 4. Ran Talata daga ƙarfe 6 zuwa 8 na yamma zai sha lita 2, rabin leda kowane minti 15. Ran Laraba daga ƙarfe 5 zuwa 7 na safe zai sha sauran. Daga ƙarfe 8 ba zai ƙara sa kome a baki ba. Wannan misali ne kawai. Idan takardar asibitinka ta faɗi wani lokaci dabam, ita za ka bi.

To, a nan ne nisa ya shigo. Maganin ya kan soma aiki cikin sa'a 1 zuwa 3, mutum kuwa yana iya zagayawa sau 10 ko fiye. Ba shi yiwuwa a sha shi a gida a hau mota. Manomin nan sai ya bar Kaoje tun ran Litinin, ya sauka kusa da asibitin, a gidan da akwai makewayi kusa da ɗaki, da ruwa isasshe, da fitila. Masu gida a birni, ga wata hidima da za ku yi wa baƙo wadda ba zai manta ba.

A lura da lokacin shekara kuma. Daga Maris zuwa Mayu zafi a jihar Kebbi ya kan wuce digiri 40. Mai wankin ciki a bazara ya zauna a inuwa, ya ƙara shan ruwa.

6. ABINCI

Asibitoci da yawa su kan ce a bar abinci mai ɓawo, da mai ganye, da mai 'ya'ya, tun kwana 2 ko 3 kafin ranar.

A bar waɗannan: tuwon dawa da na gero da na masara, wake, gyaɗa, riɗi, zogale, rama, alayyafo, miyar kuka, kuɓewa, tumatir, gwaba, kankana, dabino, goro. 'Ya'yan kuɓewa da na gwaba su kan maƙale a hanji, har su toshe bakin na'ura.

A ci waɗannan: farar shinkafa, tuwon shinkafa, farin burodi, taliya, dafaffen ƙwai, kifi, naman kaza ba fata. Mutanen fadamar Kwara ba su rasa shinkafa da kifi, wannan kuwa sa'a ce.

Da zarar an soma shan maganin, ba sauran abinci sai ruwa wanda ido ke ratsawa. Ga gwaji mai sauƙi: zuba shi cikin kofin gilashi, in kana ganin yatsanka ta bayansa, sha. Ruwa, da shayi ba madara, da romon da aka tace sarai, da ruwan gishiri da sukari na asibiti, duk sun ci gwajin. Kunu, da koko, da fura da nono, da madara, ba su ci ba. Zoɓo kuwa ko an tace shi kada a sha, gama jansa yana kama da jini a idon likita.

7. GA MUTANEN BAKIN IYAKA

Da yawa daga cikinku kuna da dangi a Segbana, da Kandi, da Malanbil, a ƙasar da iyayenmu suka sani da suna Dahome kafin 1975. Wani ya kan ga likita a wancan ƙetare, wani a kan sayo masa magani can. Takardar kuwa da Faransanci za ta zo. Ku riƙe waɗannan. Inda aka rubuta 18h, ƙarfe 6 na yamma ke nan, 5h kuwa ƙarfe 5 na asuba. Kalmar la veille tana nufin ranar da ta gabaci ranar aikin. Kalmar à jeun tana nufin ba a ci kome ba.

Suna ɗaya ba ya tsaya wa wani. Idan likita ya rubuta Picolax aka samo maka Fortrans, awon ruwansu ba ɗaya ba ne. Ka koma ka tambaya, mai tambaya ba ya ɓata. Ka sayi magani a kantin magani mai lasisi, kada a tebur ko a faranti a kasuwa. Ka duba ranar ƙarewarsa, a Nijeriya kuma ka duba lambar NAFDAC. Ruwan da za ka narke shi ya zama na leda mai kyau, ko wanda aka tafasa ya huce.

Kai da ka iya karatu, kai ne idon maƙwabcinka. Zauna da shi, karanta masa takardar, auna masa ruwan, riƙe masa agogo.

8. YADDA ZA KA SAN CIKI YA WANKU

Da fari bayan gida zai zo da kauri, sa'an nan ya zama ruwa mai duhu, sa'an nan ya yi haske. Sa'ad da ya zama ruwa mai rawaya rawaya kamar fitsari, ba gudaji, aiki ya yi. Ko ka ga haka tun da dare, ka shanye kashi na asuba. In har safiya yana da duhu, faɗa wa ma'aikatan asibiti kafin a shiga da kai.

In zuciya ta tashi, huta minti 30 ka ci gaba a hankali. Sanyaya maganin a randa yana rage ɗanɗanonsa. Shafa basilin ko man kaɗanya a dubura yana hana zafi. Amma in amai ya ƙi tsayawa, ko fitsari ya ɗauke, ko jiri ya hana tsayuwa, ko hankali ya soma rikicewa, ko ciki ya yi ciwo mai tsanani, a dakatar da sha a nufi asibiti.

Bayan an gama leƙen, saboda allurar gyangyaɗi, kada mutum ya tuƙa mota ko babur sai an kwana. Domin wannan kada ya zo shi kaɗai. Wanda aka duba aka iske hanjinsa lafiya, kuma wankin ya yi kyau, yawanci sai bayan shekara 10 za a sāke nemansa. Wahalar dare ɗaya ke nan, da kwanciyar rai ta shekaru.

TAMBAYOYI DON NAZARI

1. Don me likita ba ya iya ganin tsiro idan hanji bai wanku ba?
2. Leda nawa ta ruwa ke cika lita 4?
3. Wane magani ne likitoci suka fi zaɓa wa mai ciwon ƙoda, don me kuma?
4. Mene ne tarkon da ke cikin magani mai ƙunshi 2?
5. Idan an sa wa mutum ƙarfe 11 na safe, yaushe zai soma kashi na biyu, yaushe kuma zai daina shan kome?
6. Don me ba a shan zoɓo, ko kunu, a ranar shiri?
7. Wa ka sani a unguwarku mai ganin jini a bayan gida, wanda ya kamata ka karanta masa wannan darasi?